Bangon Falon Hajiya: Kwalliyar Da Ba Ta Biya Kuɗin Sabulu Ba

Tun da na dawo ƙasar nan na saba cika muku kunne da ƙorafin wutar lantarki da layin banki da halin mutanenmu a kan titi. To yau reshe ne zai juye da mujiya, domin kuwa laifin da zan ba ku labari nawa ne ni kaɗai. Labarin fenti ne. Wani zai ce mene ne abin labari a fenti? Ni ma da haka na ɗauka, sai da bango huɗu suka kusa shekara biyu suna kallona ina kallonsu.

Ga wanda bai san ni ba, na bar Maiduguri a 1999 zuwa Ingila da niyyar karatun shekara uku, amma sai da na share shekara 23 a birnin Leeds kafin Allah Ya yi mini dawowa a 2022. Gidanmu yana unguwar Gwange, ba nisa da kogin Ngadda. Duk abin da garin nan ya gani a shekarun tashin hankali, ni a talabijin na gan shi. Mahaifinmu ya rasu a 2013, daidai lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci aka katse layukan wayar salula a Borno, ban kuma samu labari ba sai bayan kwana huɗu da binne shi, shi ma don ƙanena ya ba wani direba mai zuwa Gombe saƙo ne ya kira ni daga can. Wannan ƙanen nawa shi ya riƙe gida da Hajiya da ƙannenmu mata, ya aurar da na aurarwa, ya kwana da fargaba a dararen da ba a san ko za a wayi gari ba. Ni nawa aiko da kuɗi ne.

Duk wanda ya daɗe a waje ya dawo ya san wani ciwo da ke kama mu, ni na sa masa suna ciwon gyara. Ko'ina ka duba sai ka ga abin da "ya kamata a ce an gyara", kuma a ranka kana jin kai ne Allah Ya aiko ka gyara shi. A yanzu na gane rabin ciwon nan kunya ce. Mutum yana neman abin da zai nuna a ce shi ma ya yi, tunda ba ya nan lokacin da aka fi bukatarsa. Ni nawa ciwon a kan falon Hajiya ya sauka.

Falon irin na gidajenmu ne na da. Daga ƙasa zuwa daidai ƙirjin mutum an shafa shuɗin fentin mai, mai sheƙi, daga nan zuwa silin kuma farin fentin ruwa. Ga kabad ɗinta cike da tangaran da kwanukan da ta tara tun aurenta, ga kaskon turaren wuta da ba ya mutuwa, don wanda ya san matan Borno ya san ba a raba su da turare. Bangon ya tsufa, ya tsattsage a wasu wurare, ga 'yan rubuce-rubuce da biro nan da can. A idona a lokacin, ya yi kama da bangon asibitin gwamnati.

To a can Ingila, a ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000, an yi yayin wata kwalliyar bango da Turawa ke kira gilez. Akwai ma wani shiri da BBC ta riƙa nunawa daga 1996 zuwa 2004 mai suna Changing Rooms, inda maƙwabta ke musayar gida su yi wa juna kwalliyar ɗaki, kuma shi ya ƙara cusa wa mutane son irin waɗannan abubuwa. Gilez ɗin nan wani ruwan fenti ne shara-shara, wanda ake haɗawa da man linsid da sinadarin tsinka fenti da ɗan launi kaɗan. Ana shafa shi a kan fentin da ya riga ya bushe, sannan tun yana ɗanye a bi shi da tsumma ko soso ana dangwalawa, sai launin ƙasa ya riƙa leƙowa, bangon ya fito da gajimare-gajimare kamar tsohon gini a ƙasar Italiya. Na taɓa yi a ɗakina a Leeds, ya kuma yi kyau, har baƙi na tambaya wa ya yi mini. Sai na ƙudurta cewa Hajiya za ta yi Sallah ƙarama ta 2023 a falo mai ruwan ƙasa-ƙasa da ratsin zinare.

Akwai wani dattijo mai fenti da ya daɗe yana yi wa gidanmu aiki tun Baba na da rai. Ƙanena ya kira shi. Na nuna masa hotuna a waya, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har na gama, ya tashi ya shafa bangon da tafin hannunsa, ya ƙwanƙwasa shi a wuri biyu, sannan ya ce, "Alhaji, abin ya yi kyau a hoto. Amma watan Afrilu muke ciki. Kuma wannan shuɗin mai ne, sai an kankare shi. Inda za a toshe da siminti kuma sai ya yi wata guda yana shan iska. Ka bari sai bayan damina."

Na ce, "Baba, ai na taɓa yi da hannuna. Sallah saura kwana goma sha biyu."

Ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a. Amma ni ba zan sa hannu ba, kada gobe a ce aikina ne."

Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. A raina na ce tsoho ne kawai da ba ya son sabon abu. Na samo yara biyu 'yan ga-ruwa da aiki, muka fitar da kayan Hajiya tsakar gida, muka toshe tsagogi da siminti, washegari muka bi bangon gaba ɗaya da fentin ruwa mai ruwan madara, har kan shuɗin, har kan rubuce-rubucen biron, ba tare da na tsaya na duba ko mene ne aka rubuta ba. Na tuna ƙanena ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, har da can gefen tagar?" Na ce, "Har da shi mana, ai ƙazanta ce." Bai ƙara cewa komai ba, ya sa takalminsa ya fita.

Ranar da muka fara gilez ɗin, da azumi a bakinmu, zafi ya haura digiri 40. A Leeds, idan ka shafa, kana da kusan rabin awa kana wasa da tsummanka kafin ya kama. A Gwange kafin in sauko daga kan tsani gefen da na fara ya riga ya daskare, saboda haka duk inda sabon shafi ya hau kan tsoho sai ya bar baƙin layi kamar an ɗinke bangon. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ashe gilez yana son fentin ƙasa mai ɗan santsi wanda ba ya shan ruwa, ni kuwa na ɗora shi a kan busasshen fentin ruwa da ya riƙa zuƙe shi kamar yashi, wani wuri ya yi duhu, wani wuri ya yi fari. Na uku, da sinadarin tsinkawar ya ƙare, ɗaya daga cikin yaran ya ce ai kananzir ma yana yi. Na yarda. Kananzir kuwa ba ya barin mai ya bushe da wuri. Na huɗu shi ne abin da Baba ya faɗa: sabon siminti yana da kaifi irin na toka, kuma kowace mace da ta taɓa dafa sabulun gargajiya ta san abin da ke faruwa idan ruwan toka ya haɗu da mai. Duk inda muka toshe da siminti, gilez ɗin ya koma wani abu mai yauƙi da ba ya bushewa.

Ranar Sallah 'yan'uwa suka cika falo. Kowa ya shigo sai ya ɗaga kai, ya yi shiru, sannan ya ce "Masha Allah." Wata gwaggonmu ce kawai, da yake tsufa ya ba ta lasisi, ta tambaya ko gobara aka yi. Wata jikar Hajiya ta jingina da bango, sabon leshinta ya tashi da tambari a baya.

Ita Hajiya ba ta ce uffan ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zauna ta yi mini faɗa a kan bango. Abin da ta ce kawai shi ne, "An gode, Allah Ya yi albarka." Sai dai na lura ta daina zama a falon da yamma, ta mayar da tabarmarta da rediyonta ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida.

Maimakon in tsaya nan, sai na shiga gyaran gangar Abzinawa. Na sayo fanis na bi bangon da shi, wai don ya rufe danƙon. Kafin lokacin ƙurar garin nan da hayaƙin turaren wuta sun riga sun manne a jiki, saboda haka abin da na yi shi ne na adana su a ƙarƙashin sheƙi, kamar hoto a firam. Cikin 'yan makonni fanis ɗin ya fara komawa ruwan ɗorawa. Da Babbar Sallah ta matso na ce to a rufe komai a huta. Na sayo bokiti biyu na farin fentin ruwa muka mulka a kai. Tun muna shafawa na ga yana tattarewa kamar ruwa a bayan agwagwa. Da ya bushe, gajimaren na nan yana leƙowa ta ƙasa, idan kuma ka sa farce ka ja, sai farin ya biyo ka kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Fentin ruwa ba ya kama jikin mai mai sheƙi, ko sau goma ka shafa. Baba ya faɗa mini wannan tun ranar farko, a kyauta.

Daga nan na yi zuciya na bar shi. Haka muka zauna fiye da shekara, ni da ƙanena muna gaisawa sama-sama. Ban san me na yi masa ba, ban kuma tambaya ba.

Sai daren 9 ga Satumba, 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Shekara 30 ke nan cif bayan ambaliyar 1994, wadda na gani da idona ina saurayi. Ba sai na ba ku labarin wannan rana ba, duniya ta gani: Gwange, Shehuri, Gamboru, Kasuwar Monday, asibitin koyarwa, har gidan namun daji na Sanda Kyarimi, duk ruwa ya shiga. Mun fita da Hajiya a bayan ƙanena, ni ina riƙe da jakar magungunanta a ka, muka samu mafaka wajen 'yan'uwa a Bulumkutu. Mun gode wa Allah ba mu rasa rai ba, wasu sun rasa. Wanda ya ga abin da mutane suka yi asara ba zai yi kukan bango ba, ni ma ba kukansa nake yi ba.

Da muka koma, ruwan ya bar layinsa a falo daidai ƙugu, ga laka, ga wari. Bayan 'yan makonni bangon ya fara kumbura. Danshin da ya shiga cikin bulo yana neman hanyar fita, ni kuwa na toshe masa da mai da fanis, sai ya riƙa tura fentin yana yin ƙuraje manya-manya. Inda ya fashe kuma wani farin gari kamar kanwa ya riƙa tsatsowa.

Wannan karon da ƙafata na je gidan Baba mai fenti. Shi ma ruwa ya ci masa kaya. Na yi masa jaje, na sunkuyar da kai na ce, "Baba, na zo ne a kan bangon nan." Wallahi ko da wasa bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya ce, "To Alhaji, yanzu za ka iya jira?" Na ce zan iya.

Zan faɗi yadda ya yi aikin, don na san akwai masu irin matsalata, ko da gilez ko da wani fentin mai da suke son rufewa.

Abu na farko, ya sa aka kankare duk abin da ya kumbura ko ya saki, aka buɗe tagogi, ya ce kada wanda ya taɓa bangon sai hunturu ya shigo ya busar da shi. Farin garin nan, gishirin cikin bulo da siminti ne da ruwa ya narkar ya fito da shi. Ya hana a wanke shi da ruwa, don in ka jiƙa shi komawa ciki yake yi ya sake fitowa. Da busasshen buroshi ake kakkaɓe shi duk bayan 'yan kwanaki har ya daina. A watan Disamba ya zo ya manna farar leda a jikin bango, ya liƙe gefunanta da salatif, ya ce a bar ta kwana ɗaya. Da safe muka ga raɓa a cikinta. Ya ce da saura. Sai a tsakiyar Janairun 2025 ledar ta kwana a bushe.

A saman bangon, inda ruwa bai kai ba kuma gilez ɗin ya kama da ƙarfi, ba a bukatar kankarewa har ƙasa. Bayan an ɓare farin da na mulka, ya jiƙa auduga da sifirit ya goga. Ya ce in launi ya biyo audugar, fentin ruwa ne, in bai biyo ba, mai ne. Bai biyo ba. Sai aka wanke bangon da Omo da ruwan ɗumi don cire maiƙon turare da ƙura, aka ɗauraye, aka bari ya bushe. Sannan aka bi shi da samfefa har sheƙin ya mutu gaba ɗaya, domin sabon fenti ya samu wurin kamawa. Jiƙa samfefar ake yi kafin a goga, ba a yi a bushe, saboda ƙura, kuma tsofaffin fentin mai sukan ƙunshi darma, wadda ke da illa ƙwarai ga ƙananan yara. Duk kwanakin nan jikokin Hajiya ba su shiga ɗakin ba. Wuraren da suka yi yauƙi a kan siminti kuwa, sai da aka kankare su tas har jikin filasta. Aka cike ramuka da tudun da tsummana ya bari, aka lailaye.

Bayan nan ne ya shafa fentin share fage, wato firama: mai jure kaifin siminti a inda filasta ke tsirara, na mai kuma a kan ragowar gilez ɗin, wanda shi ne ke hana tsohon launi tsatsowa, shi ne kuma fentin ruwa ke iya kamawa. Bai yarda da kansa ba ma sai da ya gwada a wuri kamar faɗin tafin hannu, ya bar shi kwana biyu, ya sa farce ya ja. Bai taso ba. Da sassafe yake aiki, tagogi a rufe saboda ƙurar hunturu, kuma ba ya ɗora shafi na biyu sai na farko ya kwana. Na lissafa, a cikin kwana tara da ya yi, shafa launin da ido zai gani kwana biyu kawai ya ci. Sauran bakwai duk wanki ne da kankara da jira.

Amma na tsallake wani abu da ya faru tun ranar kankarar farko, shi ne ma dalilin wannan rubutu.

Da yake ban kankare shuɗin Baba ba kafin in rufe shi, duk abin da na ɗora a kansa bai taɓa kama shi da gaske ba. Da aka sa wuƙar kankara sai ya riƙa sulluɓowa falle-falle, shuɗin ya fito fes kamar jiya aka rufe shi. A gefen taga, ɗan sama kaɗan da layin ruwa, inda teburin tsohuwar wayar tarho yake a da, sai ga rubutun biro. Hannun mahaifina ne, ba na ɓata shi. Lambobi ne a jere: 009, sai 44, sai 113, sai sauran. Lambar gidan da na fara zama a Leeds. A ƙasanta akwai wata, an soke ta farkon da layi ɗaya, lokacin da na sake gida. A ƙasan wannan kuma wata. Sau uku ina tashi, sau uku yana rubutawa. A gefe ya rubuta da ajami, "Lahadi bayan la'asar."

Na daɗe a tsugune a wurin. Ƙanena ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ko bayan da wayar ta daina aiki, a nan yake zama ranar Lahadi ya sa in kira masa kai da salula. Bayan ya rasu Hajiya ta hana a taɓa wurin. Sau biyu ina yi wa falon nan fenti, ina kewaye shi."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Na tambaye ka, Yaya. Ka ce ƙazanta ce."

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Ban taɓa kawowa a raina cewa karin maganar nan za ta hau kaina a ɗakin da aka yi mini yankan cibiya ba. Na roƙe shi gafara a wurin, a gaban Baba mai fenti da yaransa, ya ce ba komai, ya wuce. Mun fi awa ɗaya a tsakar gida yana ba ni labarin watannin ƙarshe na mahaifinmu, abubuwan da shekara goma sha ɗaya ban tambaya ba don ina tsoron amsar.

Da dare na samu Hajiya na ce mata na yanke shawara za a bar wurin, zan sa a yanko gilashi a rufe shi da firam. Na ɗauka za ta ji daɗi. Sai ta kalle ni ta ce, "Kai dai ba ka gajiya da ƙawa. A shafe shi." Na ce, "Hajiya, rubutun Baba ne fa." Sai ta karanto mini lambar farko daga ka, tun daga 009 har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ta ce, "Wancan karon ba a tambaye ni ba ne. Yanzu an tambaye ni. Mai lambar ga shi a gida, wa zan kira?"

Ita ta zaɓi launi. Shuɗi daga ƙasa zuwa ƙirji, fari daga nan zuwa sama. Ƙanena ya ɗauki hoton rubutun a wayarsa ya tura wa duk 'yan gidan, sannan Baba ya miƙo mini buroshi ya ce ni zan shafa firama a wurin da hannuna. Na shafa.

Ranar da aka mayar da kabad da abin da ya tsira na tangaran, da la'asar na shigo na tarar ta dawo da tabarmarta da rediyonta falo, kasko yana hayaƙi a gefen taga. Na buɗe baki zan ce hayaƙin nan zai ɓata sabon fenti, sai na tuna, na ja bakina na yi shiru, na zauna aka zuba mini shayi.

'Yan'uwana da ke waje masu shirin dawowa, na san akwatunanku cike suke da dabaru, wasunsu ma masu kyau ne. Ba na ce ku bar su a can ba. Amma in kun iso, kafin ku ɗauki buroshi, ku tambayi wanda kuka bari a gida me aka rubuta a bangon. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya jiƙan waɗanda ruwan Alau ya tafi da su, Ya mayar wa mutanen Borno da alheri. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.